Rigar Takwarar Mama Marta

Duk ɗan Arewan da ya zauna a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira a waɗancan shekarun ya san Mama Marta, in bai san sunanta ba ya san miyarta. A hawa na huɗu take, daidai saman kanmu. Ni ce Husseina, matar Malam Abdurrahim mai karatun digiri na uku a Azhar, kuma shekara uku na yi ina jin takunta a kan silin ɗina, ina tsaki, don matar tafiya take kamar mai daka.

Daga gindin duwatsun Gwoza ta fito. Kirista ce 'yar Katolika, mijinta ya rasu tun 'yarta ɗaya, Hawwa, tana goye. Wani ma'aikacin ofishin jakadanci ne ya zo da ita Alƙahira don ta riƙa dafa wa iyalinsa abinci. Da gari ya hautsine a 2011 suka tattara suka tafi cikin gaggawa, suka ce za su aiko mata da tikiti. Har yau ana aikowa. Fasfo ya mutu, takardar zama ta mutu, ta zama mutumin da ba shi da ikon zama kuma ba shi da ikon fita. Sai ta kama sharar gidajen masu hali a Madinat Nasr, ranar Juma'a kuma ta tuƙa tuwo da miyar kuka ta sayar wa ɗalibai. Da azumi har kunun tsamiya take dama musu, tana yi musu faɗa:

“Ku dai malaman nan ba ku iya komai ba sai ci da gardama.”

Farkon zuwana ban sake da ita ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma ranar da naƙudar Fatna ta kama ni, Malam yana can Darrasa wajen karatu, ita ce ta ciccibo ni daga bene ta tare mota tana zagin direba da Larabcinta mai kama da tsakuwa a shinkafa. Tun daga ranar ta zama Mama, ni kuma Maman Fatna.

A daminar 2014 'yan ta'adda suka shiga ƙauyensu. Wata biyu ba ta ji ɗuriyar kowa ba. Ta daina tuwon Juma'a, takun nan da nake yi wa tsaki ma ya ragu. Sai wata rana da hantsi ta dirko ɗakina ko sallama babu, waya a hannu, tana dariya tana kuka. Hawwa ce ta kira da wayar aro. Ta iso Maiduguri a ƙafa da tsohon ciki, mijinta ba a san inda ya yi ba, tana kwana a harabar wani coci da ɗaruruwan mutane. Ta haihu, mace. Fada, limamin cocin, ya ce zai haɗa jariran ya yi musu baftisma a farkon Nuwamba, kuma sunan yarinya Marta.

“Takwarata, Maman Fatna! An yi mini takwara!”

A wajensu, in ji ta, kakar wajen uwa ce ke kawo farar rigar da ake sa wa jariri ranar baftisma. Uwarta ta yi wa Hawwa, ita ma dole ta yi. Mu kuwa Malam ya kammala, muna shirin komawa Maiduguri a ƙarshen Oktoba. Ba ta ma tambaye ni ko zan kai ba. Ce mini ta yi in sa hijabina gobe in raka ta Shubra, unguwar da Kiristoci suka yi yawa.

Mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ya kai mu tashar Ramsis, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. A hanya na gaya mata abin da Malam ya gindaya mini. Jirgi ba ya sauka a Maiduguri, a Kano za mu sauka mu bi mota ta Damaturu, kuma kowa ya san abin da ake yi a hanyar nan. Akan tare motoci cikin kayan soja, a sauke mutane, a duba katin shaida, a zazzage jaka. Saboda haka duk abin da za ta saya, kada ya ɗauki wata alama. Ta ce ta ji, tana kallon taga.

Shagon yana jikin wani coci, na wani tsoho Bamisire Kirista mai suna Ammu Milad. Ina shiga da hijabina har ƙasa na ga ya ɗaga gira, ni ma na ɗaga masa tawa. Wallahi ban taɓa ganin giciye da yawa a wuri ɗaya irin na ranar ba. A jikin kyandir, a jikin tawul, a jikin sabulu, har a tafin safar jarirai. Mama Marta ta rikice kamar yarinya a kasuwar sallah. Ta ɗauko 'yar sarƙar azurfa.

“A'a, Mama.”

Ta ɗauko kyandir mai hoton Maryama.

“Haba Mama, wannan ai daga nesa ma magana yake.”

Ta ɗauko wata riga mai baza kamar ta amarya, da giciye ruwan zinare an manna shi a ƙirji. Na ce ko da wasa. Na ce mu sauka kasuwar Ataba mu sayi farar riga ta Allah da Annabi, mu huta da wannan wahala. Nan ta juyo mini, idonta ja.

“Farar riga ai ko a kasuwar Maiduguri akwai ta. Ke kin san a ƙasar nan aka ɓoye Yesu yana jariri, da uwarsa ta gudo da shi? Yarinyar nan ma a guje aka haife ta. Daga nan nake so rigar ta fito, daga gidan Allah. Ba ni da gona, ba ni da akuya, ban ga fuskarta ba. Wannan ma za ki hana ni?”

Tsohon bai ji Hausa ba amma ya gane ana rigima. Da na yi masa bayani da Larabci sai ya daina kallona a karkace. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wata 'yar rigar auduga, fara tas, marar ado, sai ƙaramin giciye ɗaya a ƙirji da aka ɗinka da jan zare. Ya sa farce a ƙarƙashin zaren ya nuna mana. Wannan ba manne ba ne, ya ce, ɗinki ne, ana iya warwarewa. Ya faɗa yana kawar da kai, kamar wanda ya ba da shawarar abin kunya.

Ranar Lahadi ta kai rigar cocinsu Fada ya sa mata albarka, da giciyenta da komai. Ranar Litinin ta dawo daga aiki ta sauko wurina da reza da allura, ta zauna a bakin baranda inda haske yake. Idonta ba ya gani sosai. Na ce ta kawo in yi mata, minti goma na gama. Ta ce a'a, in za a cire, hannunta ne zai cire. Yamma uku ta yi a kai. Takan ɗago zare ɗaya da bakin allura, ta yanke, ta zare a hankali, ta ajiye a kan cinyarta. Ba ta zubar da ko ɗaya ba, ta ƙulle su a gefen zaninta. Ina ta kai da kawo da tsintsiya ina mita a kan yara, don in na tsaya kallonta kuka zan yi. Da ta gama ta wanke rigar, ta goge, ta naɗe a farar takarda ta miƙo mini da hannu biyu.

“Ki ce wa Hawwa an sa mata albarka. Abin yana nan, ba a dai ganinsa.”

Na sa ta a tsakiyar kayan Fatna. Wa zai kula da rigar jariri a cikin kayan jariri?

Malam ne ya kula. Da safen ranar tafiya yana sake auna jakunkuna, ya zazzage ta yara don ya rage nauyi, takardar ta faɗo. Ya warware, ya ɗaga rigar wajen taga. Ni ma ina tsaye na gani. Zaren ya tafi, amma ramukan allura suna nan reras, kuma jan ya ɗan zuba a cikin audugar. Rana na bi ta ciki sai ga giciye ya fito sarai.

Malam ba mugu ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Tuwon matar nan ya ci shekara uku, shi ya yi ta zirga-zirga ofishin jakadanci a kan fasfonta ba a dace ba. Bai ɗaga murya ba.

“Husseina, yara uku ne da mu. In aka tare mu aka ga wannan a jakar mai karatun Azhar, me zan ce? Cewa za su yi mun yi ridda. Hau ki mayar mata, ki ba ta haƙuri.”

Na yi masa tijara. Na ce wane mahaukaci ne zai tsaya ɗaga rigar jariri a rana? Na ce tsoro ne kawai irin na maza masu rawani. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

“To ki rantse mini babu abin da zai faru.”

Ban iya rantsewa ba. Na dubi Fatna tana tsotsar yatsa a kan jaka. Na karɓi rigar na nufi ƙofa, na taka matakala biyu, sai na ji takunta tana saukowa yi mana sallama. Allah na tuba, na kasa mayar mata. Na koma da gudu, Malam yana can kan jakunkuna bai gan ni ba, na ɗaga katifar mai gidan hayar na cusa rigar a ƙasa, na fito ina gyara hijabi.

Ta zo da dambun nama a leda na yara. Ta taya mu sauke kaya har bakin titi. Ta dafa jakar yaran ta ce mini ƙasa-ƙasa:

“A nan take?”

“A nan take, Mama.”

Ta shafa jakar sau biyu. Direba yana ta yalla yalla, wai mu yi sauri. Malam, wanda ya ɗauka na mayar mun gama magana, ya zaro makullin gidan ya miƙa mata, ya ce don Allah ta share ɗakunan kafin ta ba mai gidan hayar, kamar yadda suka yi da ita jiya. Ban san sun yi wannan maganar ba. Ta karɓa ta ɗaure a bakin zani. Ina kallo mota ta tashi.

Ga abin da ke ci mini rai har gobe. Daga Kano zuwa Maiduguri an tsayar da mu ya fi sau ashirin, duk sojoji ne na gaskiya, kuma babu wanda ya buɗe jakar yara. Ko zif ɗinta ba a taɓa ba.

Kwana biyu da isarmu na shiga kasuwa na sayi farar rigar jarirai, na ce in kai a matsayin waccan, wa zai sani? Na je harabar cocin. Mutane kwance ko'ina, a ƙarƙashin bishiya, a jikin katanga, kowa da ƙullin kayansa. Na yi ta tambayar Hawwa 'yar Marta mai jaririya. Da ƙyar wata tsohuwa ta gane ta. Ta ce ai ta tafi kwana shida da suka wuce. Wani ya zo ya ce ya ga mijinta a sansanin gudun hijira a Kamaru, ta goya 'yar ta bi wata motar kaya. Ba ta jira baftismar ba. Mai wayar da take ara ma ya bar wurin.

Na dawo gida na rasa yadda zan kira Alƙahira. Kullum sai in ce gobe. A rana ta goma ita ta kira. Na ɗauka na fara zuba kamar rediyo, mun iso lafiya, hanya ba matsala, na ma je cocin, rigar kuwa...

“Maman Fatna,” ta ce, “na ɗaga katifa.”

Na zauna a ƙasa. Na fara cewa Mama ki yafe mini, Malam ne, hanya ce, yara ne. Ta katse ni, muryarta ba fushi, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

“Bar wannan. Ke ma uwa ce. Abu ɗaya nake so ki gaya mini. Kin ga yarinyar? Da wa take kama?”

“Ban gan ta ba, Mama. Sun tafi Kamaru kafin in zo. Ba a yi baftismar ba.”

Ina jin hayaniyar titinmu na Ashir a bayanta, masu mikrobas suna kiran fasinja.

“To,” ta ce. “In kin ji wani abu, lambata ba ta canja ba.”

Na yi shekara ina tambaya, duk wanda aka ce ya dawo daga Kamaru sai na je na same shi. Ban ji komai ba, kuma ban sake samun abin da zan kira ta in faɗa mata ba.