Muryar Yaya Modu Tana Kan Hanyar Guri

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin buɗe shago da safen nan aka kira ni, wai Yaya Modu mai lasifika ya rasu bayan asuba. Ɗan zazzaɓi ne fa kawai.

Har yanzu ban yi kuka ba. Ina zaune a kan buhun taki, ina kallon mutane suna wucewa.

Duk mai cin kasuwar Haɗejiya ya san muryarsa, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ke yi mana talla. Ni irin shuka nake sayarwa, albasa da tattasai da shinkafa. Tun ina da ɗan tebur ɗaya ya fara kiran sunana a lasifika, ban ma roƙe shi ba. In ya dawo daga ƙauye sai ya ajiye min bandar kifi a takarda, ya ce, "A kai wa yarana." Haka yake kiran 'ya'yana.

Mun sha musu da shi. Na taɓa ce masa, "Yaya, zamanin lasifika ya wuce. Yanzu mutum waya zai ɗauka ya binciko abin da yake so, har da farashi."

Ya yi dariya ya ce, "Wanda ya san abin da yake so ke nan, Habu. Wanda bai san sabon iri ya iso ba fa, me zai rubuta a wayar?"

Gaskiya ban sakar masa duka ba. Kwastomomina na Kano da Dutse a nan Facebook suka same ni. Amma mutanen fadama, inda sabis ke ɗaukewa, shi ke kawo min su.

Ganinmu na ƙarshe makon jiya ne. Ruwa ya janye, noman rani ya matso, ya zo ya naɗa min sabon talla a memori. Tari na katse shi, yana sakewa, har sai da ya fito yadda yake so. Da zai tafi ya ce, "A bi da shi ta ƙauyenmu. Ya Fanna ba ta gani sosai yanzu, amma in ta ji muryata takan lallaɓo ƙofar gida."

Ya Fanna mahaifiyarsa ce.

Ga abin da ya hana ni motsi. Tun duku-duku wana Sani ya ɗaura lasifika a babur, ya nufi ƙauyukan Guri da wannan tallan. Bai san an yi rasuwar ba. Na kira, na kira, wayarsa ba ta shiga. Kawun marigayin ya riga ya kama hanya, zai gaya wa tsohuwa baki da baki. Bayan azahar kuma Sani zai shiga ƙauyen su Ya Fanna, muryar ɗanta tana yi wa manoma sallama.

Don Allah jama'a, duk wanda ke kan hanyar Guri, ko yake da ɗan'uwa a can, in kun ga jan babur da lasifika da buhuna a baya, ku tare shi. Ku ce ya kashe lasifikar, in ji Habu.

Allah ya jiƙan Yaya Modu, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Ku sa shi a addu'a, ku sa Ya Fanna. Ku roƙa mana Allah ya sa a tare Sani kafin ya isa.