Abin da anka sa wa ɗiyar ƙanena a ƙirji

Matso kusa ka ji, don ko a gida ba mu cika tada zancen nan ba.

Ƙanena na da ɗiya guda, ba ta daɗe da yaye ba ta fara suma. Tana cikin wasa sai ta sulale, leɓenta ya yi duhu, can ta farka ta nemi fura. Anka sha rubutu, anka yi hayaƙi, abin bai bari ba. Daga asibitin Kaura anka tura su babban asibiti a birni. Likita ya ce zuciya yake zargi, amma kullum in ya auna lafiya lau take bugawa. Sai ya sa mata wata 'yar na'ura ƙarƙashin fatar ƙirji, ba ta kai ƙaramin yatsana ba. Aikinta ta saurari zuciyar ta adana, in yarinya ta sake suma a koma ya duba ya san maganin.

Sunka dawo ƙauyenmu, nan gefen Moriki. Uwar, da zuciya ɗaya, ta riƙa ɗaga rigar yarinya tana nuna ma mata wurin. Ni ma na taɓa, kamar guntun kara.

Ba a jima ba ɓarayin daji sunka kore shanun unguwa. Wajen rijiya na fara jin maganar daga bakin maƙwabciyarmu, wadda muke aron turmi da ita.

"Abin da ke sauraro ai yana kai rahoto," in ji ta, ta juya ga yarinyar. "Ina 'yar infoma? Gaida mana su oga."

Mata sunka yi dariya. Yarinyar ma ta yi, tana zaton wasa ne.

Wata ranar kasuwa da hantsi anka ji ƙarar babura, kowa ya ruga cikin gonakin dawa. Muna kwance tsakanin kunyoyi uwar ta rarrafo da ɗiyar a goye. Maƙwabciyar nan ta ɗauki hoge, irin fartanyar nan.

"Ki yi can da ita. In kin matso, wallahi sai na rotse ki."

Na jawo zanen uwar na ce ta kwanta nan bayana, sai mazan da ke kusa sunka ce to mu tashi duka. Haka munka koma bakin gona, inda dawa ba ta rufe mutum. Can yarinyar ta suma a hannuna. Da ta farfaɗo uwar ta ce mini a hankali, "Yaya, ai yanzu na'urar ta ji, likita zai gani."

Hanyar birni ba ta biyuwa a makon. Kafin ta buɗe, dattawan unguwa sunka zaunar da ƙanena, ko a cire abin ko ya kwashe iyalinsa. Wanzami ya zo da askarsa, maza biyu sunka danne yarinyar a tabarma tana kiran babanta, shi kuwa yana tsaye a zaure ya juya baya. Anka jefa na'urar a turmi anka daka.

Ciwon ya warke. Bayan girbi yarinyar ta faɗi gindin rumbu tana bin kaza, ba ta tashi ba. Ɓarayin kuma sun sake zuwa har sau nawa.

Maƙwabciyar ta zo gaisuwa da ƙwaryar gumba, ta ce Allah ya sa mai ceto ce. Har yau muna aron turmi.

Kai da ka ji, da kana kwance cikin dawar nan ran nan, da ka matsa ka ba su wuri?