Ranar da Goggo Ta Ƙi Mutuwa

Ko da zan manta da duk shekarun da na yi ina koyarwa a Anka, abin da wani ɗan gajeren labari ya jawo mini a gidanmu na Gummi ba zai taɓa fita raina ba.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, mai ciwon farfaɗiya tun tana budurwa. A gidanmu an yarda cewa ana ɗaukar ciwon ta yawu, don haka kwanonta daban, tabarmarta daban, modarta ma an ɗaura mata jan zare kada wani ya yi kuskuren sha da ita. Ba a zuwa biki da ita, wai kada ta faɗi cikin mutane. Ba mai zaginta, ba mai hana ta abinci, amma kuma ba mai zama kusa da ita. Abin ya daɗe yana cin raina, sai dai ina ni ina gaya wa Baba, malamin da ake tasowa daga ƙauyuka ɗaukar karatu wurinsa?

Da bakina ya kasa, sai na mayar da abin labari, na aika wa wani gidan rediyo mai karanta labaran masu sauraro. Na sauya gari, na sauya suna, a ƙarshe matar ta mutu ita kaɗai a ɗaki, ba a ankara ba sai da rana ta take. Jan zaren nan kawai na bari, don wallahi hannuna ya ƙi goge shi.

Ranar da aka karanta, Inna da matan maƙwabta suna tsakar gida suna tsintar shinkafa, rediyo na kan turmi. Ana zuwa kan jan zare kowa ta sunkuyar da kai, ana gamawa kuma aka faɗi sunana. Kafin magariba saƙon Baba ya iske ni: kada in ƙara taka gidansa, har bikin ƙanwata da ke tafe ba ya son ganina. Na yi kuka har idona ya kumbura, amma nadama kam ko kaɗan ban yi ba.

Ni kuwa da taurin kai, ana gab da biki na hau mota na tafi. A zaure na tarar da Baba da ƙannensa maza. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba.

"Kin kai mu duniya kin tona muna asiri," in ji shi. "Mi ya maido ki?"

Ban kai ga buɗe baki ba sai ga Goggo ta yi sallama, ita da rabonta da zauren nan tun ina yarinya. Ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Malam, cikin labarin ga an faɗi sunana?"

Baba ya ce a'a.

"An faɗi Gummi?"

Ya girgiza kai.

"To ƙaƙa kunka gane ni ce?"

Ni har na fara jin daɗi an rama mini, sai kawai ta juyo kaina.

"Ke kuma ɗiyata, don mi kinka kashe ni? Ni na gaya miki mutuwa nika so? Biki nika so in je."

Ta koma kan Baba. Ta ce ita ce goggon amarya, goggo kuwa ita ke riƙe hannun ɗiya ta kai ta ɗakin miji. An aurar da 'ya'yan gidan nan da yawa tana jin guɗa daga ɗaki, amma wannan karon ita za ta kai amarya Bukkuyum.

Baba ya ce a hankali, "In kinka faɗi cikin mutane fa?"

"In na faɗi ku ɗaga ni. Ba 'yan'uwana ba ne ku?"

Baba ya daɗe yana kallon buzun da yake zaune a kai. Da ya ɗago, ni ya duba, idonsa ya yi ja.

"Ke za ki zauna kusa da ita a mota."

Iyakar abin da ya ce ke nan, na kuma san an yafe mini.

Goggo ta kai amarya. Ta riƙe hannunta har bakin gado, ta yi mata nasiha da murya mai ƙarfi, dangin miji suna ta tambayar ina muka ɓoye wannan tsohuwa mai hikima. Ba zan ce komai ya gyaru a ranar ba, wasu sun daɗe suna ɗari-ɗari da ita. Amma ni na tsaya a bayanta ina jin kaina yana kumbura, domin alƙalamina ne ya buɗe mata ƙofar zaure, ko da yake ita ta shiga da ƙafarta.

Har yau ina rubuta labarin mutanen da danginsu suka ware, sai dai ban ƙara kashe ko ɗaya don a tausaya masa ba. Goggo ta koya mini cewa wanda aka ware ba hawayenmu yake nema ba. So yake a matsa a ba shi wurin zama.