Waƙar da ba ta da kalmomi

"Kawu, halas! Na gaji da wannan 'ba-du-ba-da' kamar jariri!"

Haka na daka wa Kawu Usman tsawa a ɗakinsa na unguwar Bagdadiyya a Jidda, a shekarun saba'in, ina saurayi mai zafin kai. Yau na ji irin kiɗan a wata mota, abin ya dawo mini.

Kawu Bahaushen Sudan ne, ya yi waƙar jaz a Khartum kafin ya zo Jidda. Ciwon maƙogwaro na cin muryarsa, yana so ya juye abin da ya sani a bakin wani kafin ta ƙare. Koyarwarsa ɗaya ce: ya ɗora faifai, in bi mai busa ƙaho da murya, inda ya ja numfashi in ja, ba kalma ko ɗaya.

Na ce, "Ni da na koya wa kaina karatu da yagaggun jaridu, ni za ka hana kalmomi?"

Ya ɗage allurar garmaho. Da ƙyar maganar ta fito.

"Ya waladi, wane harshe zan ba ka? Ka yi Larabci, Larabawa su ce Takruni ne, baƙon Afirka. Ka yi Hausarka ta Jidda, 'yan gida can ƙasar Hausa su yi dariya. Turanci aro ne. Numfashinka kuwa ba mai tambayar iƙamarsa, takardar izinin zama. Yalla, sake."

Na sake.

Kafin aikin Hajji ya zagayo, muryar ta tafi gaba ɗaya. Sai ya riƙa buga gwiwarsa da tafin hannu, ina rerawa, leɓunansa na motsi tare da nawa.

Allah Ya jiƙan Kawu. Ku fa, wa ya bar muku abin da ba ya rubutuwa?