Benen da Aka Gina wa Kaka

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, aka hau da kakata bene. Wani ƙato cikin jikokinta ne ya goya ta kamar jaririya, ta runtse ido tana salati, shi kuwa yana ta kewaya matakalar ƙarfen da aka murɗa kamar igiya. Duk ƙauyenmu, can wajen Birchi, ya taru a ƙofar gida, mata na rangaɗa guɗa. Baba Alhaji, ƙanen mahaifina, yana tsaye cikin sabuwar shadda yana cewa, "Inna, kin gama kwana ɗakin laka." Ni ce a baya da buta da tabarma, domin sunanta aka sa mini, kuma tun da aka yaye ni a ɗakinta nake kwana.

Ɗakin lakar da ake wa gori shi ne ɗakin da ya fi kowane daɗi a gidanmu. Ƙofarsa na kallon tsakar gida, ga itacen bedi ya yi masa rumfa. A nan Kaka take wuni, tana kaɗin auduga, tana sayar da daddawa, tana raba faɗan da bai shafe ta ba. Mu kuma in mun gama surfe da ɗebo ruwa sai mu baje a gefenta muna carafke, tana yi mana magudi ƙiri-ƙiri. Kullum da hantsi maƙwabciyarmu Iya Tabawa za ta ɓullo ta ɓular danga tana dogara sanda. Shekara ɗaya aka kawo su aure garin, tare suka haihu, tare suka binne mazajensu. Gaisuwarsu ma tsiya ce. "Tsohuwa, ba ki mutu ba?" Kaka ta ce, "Ke nike jira ki share mani hanya." Sai su raba goro ɗaya, su zauna ɓarar gyaɗa har azahar.

Baba Alhaji ya daɗe a Kudu yana tuƙin manyan motoci, Allah ya buɗa masa. Ya zo gida da wata kalanda mai hoton gidan wata ƙasar sanyi, ƙanƙara fari fat a kan rufinsa, ya ɗauko magini daga Dutsin-Ma ya ce abin da ke hoton nan yake so, kada a rage ko ƙusa. Aka rushe ɗakin Kaka, aka sare bedin. Abin da ya tsaya a wurin har yau in na tuna raina ɓaci yake. Rufi mai tsini kamar malafa, wanda ke feso ruwan sama a katangar maƙwabta. Bututun hayaƙi a sama, babu murhu a ƙarƙashinsa, rina ce ta tare a ciki. Akwai ma wata ƙofa a saman da in ka buɗe ta ka taka, sai dai a tsince ka a ƙasa, don hoton bai nuna abin da ke gabanta ba. Ƙasan ya zama falonsa, ya kulle ya koma Kudu da makulli. Ba na musun yana son uwarsa. Amma mutum ya tambayi magini, ya tambayi mai walda, ya tambayi mai fenti, bai taɓa durƙusawa ya tambayi tsohuwar da gwiwoyinta suka daina lanƙwasuwa ko ina take son zama ba.

Ruwan alwala, tuwo, itacen jin ɗumi, har kwanon fitsari, duk a kaina suke hawa suke sauka. Da rana kwanon rufin ya gasa mu, ga awaki na kuka a ƙasa ba mai kula su. Abu ɗaya ya rage wa Kaka, taga. A nan take zama, Iya Tabawa ta zo ta tsaya a ƙasa ta ɗaga kai, su yi ta ƙwala wa juna magana duk unguwa na ji. Na ɗaura wa wata 'yar ƙwarya igiya, goro ya sauka, ƙuli-ƙuli ya hau. Sai dai tagogin nan ba Iya Tabawa kaɗai suke nunawa ba. A garinmu makewayi ba shi da rufi, katanga ce kawai ta kare mutum, kuma ba wanda ya taɓa tunanin za a leƙo shi daga sama. Daga tagar Kaka kuwa ana ganin tsakar gidajen maƙwabta da wurin wankansu tar. Matan unguwa suka rasa sakewa a cikin gidajensu, mazansu suka kai ƙara wajen mai unguwa, kuma gaskiyarsu ce. Aka zo da tsani da fallayen kwano aka buge tagogin da ƙusa. Muka zauna a duhu tsakar rana, muna jin duniya ta bayan ƙarfe.

Daga nan na zama bakinsu. "Takwara, tahi ki ce ma waccan tsohuwa ina nan ban mutu ba." In tafi, in dawo da amsa da rabin goro. Iya Tabawa ta taɓa gwada hawa, ba ta yi nisa ba jiri ya kwashe ta, aka sauko da ita tana haki. Na roƙi mahaifina a dawo da Kaka ƙasa, ya ce a bari Alhaji ya zo tukuna, don in aka sauko da ita a bayan idonsa mutane za su ce an raina kyautarsa. Ita ma Kaka ba ta son a ce ta kunyata ɗanta. Manya guda nawa a gidan nan, kowa na tattalin fuskar wanda ba ya nan, ita kuwa tana ramewa a sama, mazarinta ya yi ƙura.

Wata safiya da damina na sauko ɗebo ruwa na ji kuka a gidan su Iya Tabawa. Na koma da gudu na faɗa wa Kaka Iya Tabawa ta rasu. Ta ɗaura zane, ta lallaba bakin matakala ta zauna. Mazan gidan duk sun tafi wajen jana'iza, babu mai goyo. Da mazaunai ta riƙa jan jiki, ni ina gaba ina ɗora mata ƙafa a kan ƙarfe, ta huta, ta sake ja, zufa na ɗiga daga haɓarta. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san da muka shiga gidan an riga an yi wanka, an yi sutura, an fita da ita. Tabarmar da aka ɗauke ta a kai ce kawai a shimfiɗe, da sandarta a jingine. Kaka ta zauna a gefen tabarmar ta ce, "Haba Tabawa, da kin ɗan jira, ga ni na sauko."

Ba ta sake hawa ba. Ta sa aka share mata ɗakin da ake tara ƙaiƙayi, a nan ta ƙare kwanakinta, kuma da Baba Alhaji ya zo yana magiya ta koma benen, cewa kawai ta yi, "Wanda ya gina shi ya hau."

Yanzu a Dutsin-Ma nake zaune. 'Ya'yana kan nuna mini hotuna a waya, gidajen wasu ƙasashe, wannan an gina shi kai a ƙasa, wancan kamar takalmi, wani kamar butar shayi, suna ta dariya. Ni ba na iya taya su. A hanyarmu ma sababbin gidaje ke tashi kullum, dogayen ginshiƙai, rufi mai tsini, tsakar gida an malale ta da siminti ko inuwar kaza babu. Duk wanda na wuce sai na tsinci kaina ina neman inda tsohuwar gidan za ta shimfiɗa tabarma, da inda ƙawarta za ta ɓullo. Har yanzu ban ga wanda aka bar musu wuri ba.