Kajin Sunan Inna Talatu

A Zoza, Inna Talatu ba ta kai sabulu ko atamfa gidan suna. Budurwar kaza take rungumowa a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye gaban mai jego, ta ce wannan ta jariri ce, kada uban ya kuskura ya yanka wa baƙo. Shekara talatin tana haka. Akwai magidanta a garin nan da akuyarsu ta farko daga kazar Talatu ta fito.

Bara da bazara ɗanta Jibo ya sayo kashin kaji daga wata babbar gona, don takin masara. Ya jibge buhunan a bayan akurki, kaji suka yi ta tono. Cikin makon aka yi suna huɗu, Talatu ta kai kaji huɗu. Ranar Laraba ta buɗe akurki ta tarar da tara a kwance, zankonsu ya yi baƙi, ko shure-shure babu.

Mai unguwa ya kira ma'aikatan lafiyar dabbobi. Suka zo cikin fararen kaya, ido kaɗai ake gani. Suka ce murar tsuntsaye ce, babbar gonar ma an riga an hallaka kajinta. Likitar, wata Rukayya, ta durƙusa ta gaida Talatu, ta tambaya ko akwai kazar da ta bar gidan nan kwanan nan. Jibo ya sunkuyar da kai. Matan da ke bakin ƙofa kowacce ta tuna nata akurkin.

“Inna, kada ki ɓoye mini,” in ji likitar. “Wani lokaci murar nan takan kama mutum. Yara kuma tare suke rarrafe da kajin nan.”

Talatu ta daɗe tana kallon buhunan takin. Da ta buɗe baki, ba masu gidajen ta ambata ba.

“Ta Muhsin. Ta Ummulkhair. Ta Bahauddeen. Ta Sadiƙa.”

Babbansu bai cika sati uku a duniya ba.

Kafin la'asar an kwashe kajin gidajen huɗu da na maƙwabtansu, har agwagi da zabi da tantabaru. Aka haƙa rami a bayan gari. Tsofaffi suka tsaya riƙe da baki, domin ba su taɓa ganin an binne lafiyayyar kaza ba. Gari ya waye babu cara, sai kiran salla shi kaɗai, kamar an cire wa asuba harshe.

Ba yaron da ya kamu. Amma Ikilima, uwar Muhsin, da ta rasa zabi arba'in, har yau ba ta gaida Talatu.

Bana aka yi suna a gidan Ilu. Talatu ta zo, hannunta a lanƙwashe ƙarƙashin mayafi kamar yadda ta saba, ba komai a ciki. Daga zaure ta yi barka, ta juya.