Takalman Mama Saraya a Gindin Matakala

Komai zan manta a aikin nan, ban da ranar da na tsayar da jirgi sukutum saboda takalman roba. Ku sababbin ma'aikata, ku gyara zama.

Lokacin ina mai yi wa jirgi jagora a filinmu na Jalingo, wato mutumin nan mai sanduna biyu da ke tsayawa gaban jirgi yana yi wa matuƙi alama. Ƙa'idar ita ce, in an rufe ƙofa an janye matakala, sai na zagaya na duba ƙasa. Ko ƙusa ce sai an ɗauke, don inji zuƙar abu yake yi, kuma in ya zuƙa an shiga uku. Sai na ɗaga hannu matuƙi zai kunna.

Ranar jirgin ya iso a makare. Cikin fasinjoji akwai Mama Saraya, wata dattijuwa daga Iware da ba ta taɓa hawa jirgi ba. 'Yarta ce ta haihu a Turai, za ta je wankan jego. Daga nan sai Abuja, inda babban jirgin ƙetare zai ɗauke ta da yamma, kuma shi ba ya jiran kowa. Rabin Iware ne suka rako ta, suna bakin shinge suna ta guɗa.

An rufe ƙofa, an janye matakala, na fara zagayena. Sai ga takalma ƙafa biyu, sababbi ful, an jere su tsaf daidai inda matakalar take. Dariya ta kusa kayar da ni, don na gan su ɗazu a ƙafar Mama. Ta tuɓe su ne kafin ta hau!

Na ɗauka na ruga wurin Oga Hamman, shugabanmu mu masu aiki a ƙasa, na ce masa na Mama ne.

"Kai Bulus, jefa a kwandon shara!" in ji shi. "Jirgi ya makara, kana so ta rasa na Abuja ne?"

"Oga, ƙasar sanyi za ta fa. Uwa ta sauka gidan surukai ba takalmi?"

Ya dubi agogo, ya dube ni kamar ya mare ni. Ni ma na san in ta rasa jirgin can, ni za a tsine wa daga nan har Iware. Amma na ƙi ɗaga hannu. Na tsaya gaban jirgi na ɗaga takalman sama inda matuƙi zai gani.

Sai Oga ya yi tsaki, ya fisgi rediyo ya yi wa matuƙi bayani. Ta gilashi na hango matuƙin yana dariya har da dukan cinya. Ya ba da izini. Mu huɗu muka turo matakala da gudu, har da Oga, wanda tun da nake ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Ƙofa na buɗewa na haye.

Ga Mama zaune, ƙafa a kan kafet, hankalinta kwance.

"Mama, takalmanki!"

"Yarona, ni ba mahaukaciya ba ce," ta ce. "Na leƙa na ga shimfiɗa. Gidan mutane ne, yaya zan taka da datti?"

Jirgin ya kaure da tafi. Na durƙusa na sa mata su da hannuna, na diro, na ɗaga hannu. Da yamma ɗanta ya zo har ofis yana tsalle, wai ta samu jirgin da ƙyar. Oga ne ya fara rungume shi, kai ka ce shi ya yi shawarar.

Bayan wasu watanni ta dawo, ta yi ɓul-ɓul. Tana saukowa ta kama hannuna.

"Kai ne mai takalmi ko? To, a babban filin jirgi na can, wurin bincike, kowa sai ya cire takalmi. Har Turawa! Ku ne nan ba ku da tarbiyya."

Shi ya sa nake gaya muku, in kun tsinci abu a ƙasa ku ɗauke shi don lafiyar inji, amma kafin ku jefar, ku tambayi kanku ƙafar wa ke jiran sa.